Filafili, Haraji da Dandali: Siyasa da Al'adun Birnin Atina a Zamanin Ferikilis

Tsakure

Wannan takarda ta dubi birnin Atina na ƙasar Girka a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, tun daga shekarar 480 da aka karya rundunar ruwan Farisa zuwa 404 da birnin ya miƙa wuya ga Siparta. Abin da take son nunawa shi ne, mulkin jama'a da Atina ta yi suna da shi, da gine-ginenta, da wasannin kwaikwayonta, duk daga tushe guda suka fito: talakan da ke jan filafili a jirgin yaƙi, da kuɗin da jirgin ke karɓowa daga wasu garuruwa. Takardar ta kuma tambayi ko sukar kai da birnin ke saurara a dandali ta taɓa hana shi zalunci. Duk shekarun da aka ambata na kafin Miladiyya ne, sai inda aka faɗi akasin haka.

1. Gabatarwa



Yawancinmu mun fara jin labarin Girkawa ne ta bakin malamansu. Sunayen Aflatun da Aristotal sun iso mana ta littattafan Larabci tun da daɗewa, kuma ilimin manɗiƙi da ake karantawa a zaurukanmu asalinsa yana komawa ga Aristotal. Birnin da waɗannan mutane suka zauna suka koyar, wato Atina, shi ne ba mu cika tsayawa a kansa ba. Akwai kuma wata matsala da ya kamata mai nazari ya riƙe tun daga farko: kusan duk marubutan da suka bar mana bayanin mulkin jama'a na Atina ba masoyansa ba ne. Tusididis, wanda ya rubuta tarihin yaƙin Atina da Siparta, kwamanda ne da jama'a suka kora daga gari a 424 saboda ya makara wajen ceto birnin Amfifolis. Aflatun bai yafe wa kotun da ta kashe malaminsa Sukurat ba. Aristofanis ɗan barkwanci ne, sana'arsa zolayar 'yan siyasa. Fulutak kuwa ya rubuta tarihin Ferikilis bayan shekara kusan 500. Talakan da tsarin ya ɗaukaka bai rubuta littafi ba. Abin da ya bari shi ne duwatsu: dokoki, da lissafin kuɗi, da jerin sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi, duk an sassaƙa an kafa a bainar jama'a. Da waɗannan duwatsu da waɗancan littattafai wannan takarda ta yi aiki.

2. Yadda talaka ya hau kujera

Abin bai zo dare ɗaya ba. A wajen 594 Solon ya soke basussukan da suka danne manoma, ya hana a bautar da ɗan Atina saboda bashi, ya raba jama'a aji huɗu gwargwadon amfanin gonarsu. Bayansa Fisistiratus da 'ya'yansa suka yi mulkin mutum ɗaya, har aka kori ɗansa Hifiyas a 510. Sannan a 508 Kilistenis ya yi aikin da ya fi kowanne tasiri. Ya ɗauki ƙauyuka da unguwannin ƙasar, wajen 139, ya harhaɗa su cikin ƙabilu 10 sababbi, kowace ƙabila da mutanen birni da na gaɓar teku da na cikin ƙasa. Manufarsa a fili take: a raba talaka da babban gidan da ya saba bi a yankinsa. Daga nan sunan mutum na hukuma ya zama yana tafiya da sunan ƙauyensa.

Amma abin da ya ba talaka ƙarfi na gaske daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. A wajen 483 aka ci karo da wata jijiyar azurfa mai albarka a ma'adinan Lawuriyon, kudu da birnin. An so a rarraba kuɗin kowa ya samu nasa, sai Temistokilis ya shawo kan jama'a a ƙera jiragen yaƙi da su. Bayan shekara uku sarkin Farisa ya shigo ƙasar, mutanen Atina suka kwashe iyalansu suka bar masa garin, ya ƙone ɗakunan bautar da ke kan dutsen Akurofolis. A mashigin ruwan Salamis jiragen nan suka karya shi.

A lura da bambancin. A Maraton, shekara 10 kafin nan, waɗanda suka ci yaƙi manoma ne masu halin sayen garkuwa da mashi da kwalkwali da kuɗinsu. Jirgin yaƙi kuwa mutum 200 yake ɗauka, 170 daga cikinsu masu jan filafili ne a hawa uku, kuma ba a bukatar komai daga gare su sai ƙarfin damtse da iya bin kiɗan sarewa. Wanda ba shi da ko taƙi ɗaya na gona ya wayi gari tsaron birni yana hannunsa. Wani marubucin lokacin da ba ya ƙaunar tsarin ko kaɗan, wanda aka daɗe ana jingina littafinsa ga Zinofon bisa kuskure, shi da kansa ya yarda cewa talakawa sun cancanci kaso mafi girma tunda su ke tuƙa jiragen. A 462 Efiyaltis ya ƙwace yawancin ikon majalisar dattawa ta Ariyofagus ya mayar wa jama'a da kotunansu. Ba a jima ba aka kashe shi. Abokin tafiyarsa Ferikilis ya ɗora daga inda ya tsaya, ya kawo biyan alawus ga masu zaman shari'a, don kada rashin abin kai wa baka ya hana mutum zama.

3. Tsarin a kusa

Ranar Babban Taro, da sassafe ake hawa tudun Finikis, yamma da Akurofolis. Ana yanka ɗan alade a zagaya wurin da shi don tsarkakewa, a yi addu'a, a tsine wa duk mai niyyar yaudarar jama'a. 'Yan dokan gari, waɗanda bayin hukuma ne 'yan asalin Sikitiya, sukan ja igiya mai jan fenti ta cikin kasuwa suna koro masu nawa. Wurin yana ɗaukar mutum wajen 6,000. Sankira ya karanta batun da Majalisa ta shirya, ya tambayi wa ke da magana. Kowane ɗan ƙasa namiji baligi yana da damar hawa dutse ya faɗi ra'ayinsa, maƙeri ne ko majemi ko mai jiragen fatauci. Da ɗaga hannu ake yanke shawara, kuma abin da aka yanke shi ne: yaƙi, sulhu, kuɗi, hatsi, bukukuwan addini. Babu wakili tsakanin mutum da hukuncinsa. Wanda ya ɗaga hannu a tafi yaƙi yau, shi ne zai ɗauki matashin zamansa na jirgi ya gangara tashar Firiyus gobe.

Majalisar da ke shirya wa Taro aiki mutum 500 ce, 50 daga kowace ƙabila, kuma ƙuri'ar sa'a ke fito da su daga cikin waɗanda suka kai shekara 30. Shekara ɗaya suke yi, ba wanda ke shiga fiye da sau biyu a rayuwarsa. Kowace ƙabila tana riƙe ragamar aiki kashi ɗaya cikin goma na shekara, kuma kullum ana fitar da mutum ɗaya daga cikinsu ya riƙe hatimin gari da makullan baitulmali na kwana ɗaya da yini ɗaya, ba ya maimaitawa har abada. Idan aka yi lissafi, za a ga cewa kaso mai yawa na 'yan ƙasa sun taɓa zama a wannan majalisa. A ganina wannan ce babbar makarantar Atina, ta fi ta kowane malami: manomin da ya shekara yana duba lissafin jiragen ruwa da sauraron jakadu ba zai koma ƙauyensu da irin kan da ya zo da shi ba.

A wurinsu zaɓe hanya ce ta masu hali, domin mai suna da mai kuɗi ake zaɓa. Saboda haka suka taƙaita shi ga ayyukan da ke bukatar gwaninta, musamman kwamandoji 10. Ta wannan ƙofa Ferikilis ya yi jagoranci: an zaɓe shi shekara 15 a jere daga 443. Tusididis ya ce a zamaninsa sunan mulkin ne na jama'a, aikin kuwa na mutum guda ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta wuce gona da iri. A 430, da annoba da yaƙi suka gallabi mutane, sun tuɓe shi sun ci shi tara, daga baya suka dawo da shi. Ba shi da dogarai, ba shi da fada. Bakinsa ne jarinsa, kuma kowace shekara sai ya sake neman yarda.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne hisabi. Kafin mutum ya kama aiki ana tantance shi: su wane ne iyayensa, ina kaburburan gidansu, yana kyautata wa mahaifansa, ya yi aikin soja? Idan ya sauka kuma sai ya kawo lissafin kowane kwabo, kuma kowa na iya shigar da ƙara a kansa. Kotunan ba su da alƙali ƙwararre. Ana ɗibar mutum 6,000 a shekara, a raba su ɗaruruwa a kowace shari'a, don yawansu ya fi ƙarfin mai cin hanci. Mai ƙara da wanda ake ƙara kowa da bakinsa yake magana, ana auna masa lokaci da tukunyar ruwa mai huda a gindi. Ruwa ya ƙare, magana ta ƙare. Alawus ɗin obol 2 ne a yini, daga baya wani ɗan siyasa mai suna Kiliyon ya mai da shi 3, wato rabin dirakma, rabin ladan yinin ƙwararren ma'aikaci.

Sai kora. Sau ɗaya a shekara ana tambayar Taro ko akwai wanda ya kamata ya bar gari. Idan an amince, kowa ya ɗauki tsingaro ya karce sunan wanda yake so a kora. Wanda sunansa ya fi yawa yana da kwana 10 ya fita, ya yi shekara 10 a waje, ba a taɓa dukiyarsa, ba a tuhume shi da laifi ba. Masu tonon kayan tarihi sun samo dubban waɗannan tsingaro. A wata rijiya da ke gefen arewa na Akurofolis an samu wajen 190 ɗauke da sunan Temistokilis, kuma da aka duba rubutun sai aka ga hannu 14 ne kawai suka rubuta su. Wato wasu sun zauna sun shirya su don rabawa. Mutumin da ya ƙera jiragen Salamis daga baya an kore shi, ya ƙare rayuwarsa a ƙasar sarkin Farisa.

4. Kuɗin wane ne?

A 478 garuruwan tsibirai da na gaɓar Asiya suka ƙulla ƙawance da Atina don ci gaba da yaƙar Farisa. Kowa ya kawo jirgi ko kuɗi. Aristidis ya yanka wa kowane gari kasonsa, jimilla talanti 460 a faɗar Tusididis, aka ajiye asusun a tsibirin Delos. Talanti ɗaya dirakma 6,000 ne, wajen kilo 26 na azurfa, kuma shi ne albashin wata guda na ma'aikatan jirgi ɗaya idan ana biyan kowa dirakma a yini.

Yawancin garuruwan sun zaɓi biyan kuɗi don su huta da fita yaƙi. Da kuɗinsu Atina ta ƙara jirage, talakawanta suka ƙara gwanancewa, su kuwa suka zauna hannu rabbana. Da Naksos ta nemi fita aka kewaye ta har ta durƙusa. Tasos ta gwada a 465, bayan shekara biyu da wani abu aka rushe ganuwarta aka ƙwace jiragenta. Samos ta gwada a 440, Ferikilis da kansa ya jagoranci murƙushe ta. A 454 aka ɗauko asusun daga Delos aka kawo Atina. Abin ya zama kamar adashin da uwar adashi ta daina zagayawa da kwasa, kuma ta hana kowa daina zubi. Daga wannan shekara aka riƙa cire kashi ɗaya cikin 60 na harajin kowane gari ana ba abar bautarsu Atena, ana sassaƙa lissafin a dutse. Gutsattsarin wannan dutse suna nan, da sunayen garuruwa fiye da 100 da abin da kowanne ya biya. Lokacin da yaƙi da Siparta ya tashi a 431, Ferikilis ya shaida wa jama'a cewa talanti 600 ke shigowa daga abokan ƙawance a shekara, kuma akwai 6,000 a ajiye a Akurofolis.

Talaka ya san daga ina abincinsa ke fitowa. Ladan tuƙi, gonakin da ake ƙwacewa daga garuruwan da suka yi tawaye a raba wa 'yan Atina, manyan shari'o'in ƙawaye da aka tilasta kawowa kotunan Atina, alkamar da ke zuwa daga Baƙin Teku ƙarƙashin tsaron jirage ta shiga Firiyus ta bi tsakanin dogayen ganuwoyi biyu zuwa birni, duk ribar daula ce. Shi ya sa babu wani ɓangare a Taro da ya taɓa neman a saki ƙawayen. A 451 Ferikilis ya kawo dokar cewa ba ɗan ƙasa sai wanda uwa da uba duka 'yan Atina ne. Da zama ɗan ƙasa ya yi daraja, sai aka ƙuntata ƙofa.

5. Dutse da dandali

An fara ginin Fartenon a 447, aka kafa gunkin Atena a 438, aka gama sassaƙe-sassaƙen a 432. Iktinus da Kalikiratis suka tsara ginin, Fidiyas ya yi gunkin da hauren giwa da zinariya, tsawonsa ya kusa mita 12. Zinariyar, nauyin talanti 40, an yi ta yadda za a iya cirewa, kuma Ferikilis ya lissafa ta cikin abin da za a taɓa idan yaƙi ya yi tsanani. Wato ɗakin bautar taskar kuɗi ne kuma. Fulutak ya ruwaito cewa 'yan adawa, ƙarƙashin wani Tusididis ɗan Melisiyas, sun yi ta kukan ana ƙawata birni da kuɗin da Girkawa suka tara don yaƙi. Ferikilis ya amsa cewa muddin Atina na tsare su daga Farisa, ba ta da lissafin da za ta ba su. Aka je ga tsingaro a wajen 443, aka kori jagoran adawa.

Wasu masana na zamani sun nuna cewa ba daga haraji kai tsaye aka biya yawancin ginin ba, daga baitulmalin Atena ne, kuma kuɗinsa yana wajen rabin rabin talanti 2,000 da kewayen da Atina ta yi wa garin Fotidiya kaɗai ya ci. Gyaran yana da amfani, amma bai canja asalin maganar ba. Garin da wasu ke biya masa kuɗin jirage shi ke da rarar da zai sa a dutse.

Lissafin ginin Erekitiyon na 409 zuwa 408 ya nuna mana ma'aikatan da sunayensu. 'Yan ƙasa, da baƙi mazauna, da bayi, suna sassaƙa ginshiƙi ɗaya, kuma ladan aiki iri ɗaya ake rubuta musu, wajen dirakma a yini. Baƙin sun fi 'yan ƙasa yawa. Ladan bawan kuwa ubangidansa ke da iko da shi.

Dandali ya fi dutse faɗa mana halin mutanen. Bikin Diyonisus na birni yana zuwa a ƙarshen sanyi, lokacin da teku ta lafa baƙi suka fara shigowa. Hukuma ke zaɓen marubuta uku na wasan ban-tausayi, kowanne ya kawo wasa uku da na huɗu mai sauƙi, ta kuma ɗora wa wani attajiri nauyin horar da 'yan amshi da yi musu sutura, a matsayin harajinsa. Ƙabilu 10 kowace tana kawo ƙungiyar waƙa ta manya 50 da ta yara 50, wato mutum 1,000 ke nan 'yan gari a fage kafin a zo ga wasa. Alƙalan gasar ƙuri'ar sa'a ke fitar da su. Kafin a fara, kwamandoji su yi zuba ga abin bauta, a shigo da azurfar harajin ƙawaye a baje ta a gaban jama'a, jakadun da suka kawo ta suna zaune, sannan a fito da marayun yaƙi da gari ya raina har suka balaga, sanye da kayan yaƙin da gari ya ba su. Bayan duk wannan nuna isa sai a fara wasa, kuma wasan sau da yawa tuhumar isa yake yi.

A 472 Eskilus, wanda ya yi yaƙi a Maraton ya kuma rasa ɗan'uwansa a can, ya nuna wasan Farisawa. Attajirin da ya ɗauki nauyi saurayi ne, Ferikilis. Labarin Salamis ne, amma a fadar Farisa aka ajiye shi, ta bakin uwar sarki da dattawan da 'ya'yansu ba su dawo ba. Mutanen da aka ƙone wa gari shekara takwas da suka wuce sun zauna suna kallon makokin maƙiyinsu, kuma suka ba wasan na ɗaya. A 458, shekara huɗu bayan Efiyaltis, Eskilus ya rufe labarin gidan Agamemnon, inda jini ke bin jini, da kafa kotu a kan dutsen Ariyofagus: ɗaukar fansa ta koma hannun masu ƙuri'a. Sofokilis a wasan Antigoni ya haɗa dokar mai mulki da haƙƙin binne ɗan'uwa, ya bar mai mulkin cikin nadama. Wannan Sofokilis ɗin ya riƙe ma'ajin kuɗin ƙawance, ya kuma yi kwamanda tare da Ferikilis a yaƙin Samos. Marubucin da ɗan siyasar mutum ɗaya ne, haka 'yan kallon da masu ɗaga hannu.

'Yancin yana da iyaka. Hirodotus ya ba da labarin Firinikus, wanda ya nuna faɗuwar birnin Miletus a hannun Farisa, 'yan kallo suka fashe da kuka, aka ci shi tarar dirakma 1,000 saboda ya tuna musu masifar da ta shafe su. A 426 Kiliyon ya kai ƙarar Aristofanis gaban Majalisa cewa ya ci mutuncin gari a gaban baƙi. Aristofanis bai ja da baya ba. A 424 ya fito da Kiliyon a siffar bawa maƙaryaci mai wawure abincin ubangidansa, ubangidan kuwa tsoho ne mai saurin ruɗuwa da ke wakiltar jama'a kansu. Suka yi dariya, suka ba wasan na ɗaya. Bayan 'yan makonni suka zaɓi Kiliyon kwamanda.

6. Waɗanda ba a tambaya ba

Masana suna ƙiyasta mutanen ƙasar Atina a 431 tsakanin 250,000 da 300,000, 'yan ƙasa maza baligai kuwa tsakanin 40,000 da 60,000. Sauran mata ne, da yara, da baƙi, da bayi. Mace 'yar ƙasa tana ƙarƙashin waliyyi tun haihuwa har mutuwa, ba ta hawa Finikis, kuma a jawabin makokin da Tusididis ya sa a bakin Ferikilis an nuna darajarta ita ce kada maza su riƙa ambatonta. Amma dandalin cike yake da mata masu ƙarfin hali, Kilitemnestira da Antigoni da Midiya, duk maza ne ke sa fuskar wasa su fito a matsayinsu. Baƙi kuwa su ne rabin ilimin garin: Hirodotus daga Halikanasus, Anaksagoras daga Kilazomini, Furotagoras daga Abdira, Asfasiya abokiyar zaman Ferikilis daga Miletus. Suna biyan harajin zama, ba su da ikon mallakar fili. Azurfar da ta ƙera jiragen Salamis bayi ne suka haƙo ta a ramuka masu ƙunci da hasken fitilar mai. Zinofon ya ce Nikiyas, mutumin da aka sani da tsoron abin bauta, yana da bayi 1,000 da yake bayarwa haya a ma'adinan. Da Siparta ta kafa sansani a Dekeliya a 413, bayi fiye da 20,000 suka gudu.

A 428 garin Mitilini ya yi tawaye, a 427 aka murƙushe shi. Taro, bisa shawarar Kiliyon, ya yanke a kashe duk mazan garin a sayar da mata da yara, aka tura jirgi da umarnin. Da gari ya waye mutane suka ji abin ya yi musu nauyi, aka sake zama. Wani mai suna Diyodotus ya yi magana, kuma bai roƙi tausayi ba, ya nuna musu cewa kisan ba zai amfani Atina ba: garin da ya san mutuwa ce ƙarshensa zai yi yaƙi har numfashin ƙarshe, kufai kuma ba ya biyan haraji. Da ƙyar ya yi rinjaye. Jirgi na biyu ya tashi, na farko ya ba shi ratar kwana ɗaya da yini. Matuƙan suna ja suna cin garin sha'ir da aka kwaɓa da mai da ruwan inabi, suna barci bi da bi, suka iso kwamanda ya gama karanta umarnin farko ke nan. Garin ya tsira, amma an kashe mutum fiye da 1,000 da aka ce su ne kan tawayen.

Bayan shekara 11 ba a tura jirgi na biyu ba. Tsibirin Melos ya nemi a bar shi ba ruwansa da kowa, Atina ta ƙi, ta kewaye shi, ta kashe mazan ta sayar da sauran, ta zuba mutanenta 500 a gidajensu. Bayan 'yan watanni, a 415, Yurifidis ya nuna wasan Matan Turoyi: gari ya faɗi, ana raba matan ga waɗanda suka kashe mazajensu, ana jefo ƙaramin yaro daga kan ganuwa. Mai yiwuwa a cikin 'yan kallo akwai waɗanda suka dawo daga Melos. Da bazarar wannan shekara wata babbar rundunar ruwa ta Atina ta tashi cin Sisili, kuma a 413 ta hallaka a can.

A nan nake rabuwa da masu cewa dandali ne lamirin Atina. Lamirin da ake saurara kwana uku a shekara, a yi kuka, a ba shi kyauta, a koma Finikis a ɗaga hannu yadda aka saba, bai hana komai ba. Abin da ya ceci Mitilini tsarin da ya yarda a sake buɗe magana ne, da mutum ɗaya da ya san harshen da masu sauraronsa ke ji. Darajar dandalin a wani wuri take: ya ba mutanen kalmomin da za su gane abin da suke aikatawa, ya kuma bar mana shaidar cewa sun gane.

7. Bayan daula

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawo wa wannan takarda, kuma gara in kawo ta da kaina. Idan da haraji ne ya riƙe mulkin jama'a, da ya mutu tare da daula. Bai mutu ba. A 406 Taro ya yi mafi munin aikinsa a cikin gida, ya yanke wa kwamandojin da suka ci yaƙin Arginusi hukuncin kisa a dunƙule saboda ba su ceto waɗanda jiragensu suka nitse ba. Sukurat, wanda ƙuri'a ta sa cikin masu riƙe ragama, ya ƙi amincewa. An kashe shida, har da ɗan Ferikilis da Asfasiya. A 405 aka kama jiragen Atina a Egosfotami, a 404 yunwa ta sa aka buɗe ƙofa, aka rushe dogayen ganuwoyi. Mutum 30 da Siparta ta ɗora suka kashe wajen 1,500 cikin wata takwas. A 403 waɗanda suka yi gudun hijira suka dawo da makami suka maido da tsarin, kuma suka yi rantsuwar ba za a tuhumi kowa da abin da ya wuce ba, in ban da shugabannin ta'asar. Sun cika rantsuwar gwargwadon hali, har Aflatun ya yaba musu a kan haka, duk da cewa kotunsu ce ta yanke wa Sukurat hukuncin shan guba a 399.

Ba haraji, ba jirage kamar da, amma a waɗannan shekarun ne aka fara biyan alawus na halartar Babban Taro, daga obol 1 har ya kai 3. An tattara dokoki aka tace su, aka raba doka mai ɗorewa da shawarar yini guda, aka mayar da yin doka hannun wani zama na musamman, kuma wanda ya kawo shawarar da ta saɓa wa doka ana iya gurfanar da shi ko da Taro ya amince da ita. An biya wannan duka da kuɗin fito na tashar Firiyus, da hayar ma'adinai, da abin da aka ɗora wa attajirai. Saboda haka gyaran da zan yi wa maganata shi ne: daula ce ta haifi tsarin a siffarsa ta zamanin Ferikilis ta kuma yi masa ado, amma shekara 60 na zama a majalisa da kotu sun koya wa talaka abin da bai yarda ya saki ba ko da kuɗin ya ƙare. Bautar bayi kuwa ba ta gushe ba, azurfar Lawuriyon ta ci gaba da fitowa daga hannayen da ta saba fitowa. Tsarin ya yi shekara 81 bayan dawowarsa, har 322, lokacin da Antifata na Masidoniya ya ci Atina ya shar'anta cewa ba mai hawa Finikis sai wanda dukiyarsa ta kai dirakma 2,000, abin da ya fitar da fiye da rabin 'yan ƙasa, akasarinsu zuriyar masu jan filafili.